Zauren Gidanmu na Gindin Dala: A Rushe ko a Gyara?

Jikan Madabo:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Na kawo muku wata magana ce da ta hana ni sukuni tun ƙarshen damina. Gidanmu na gado yana cikin lungunan da ke tsakanin Madabo da gindin Dutsen Dala, kuma ruwan watan Agusta ya cinye gindin katangar gabas har ta tsage daga ƙasa zuwa rawani. Da magada suka zauna, mafi yawansu sun ce a rushe gidan gaba ɗaya a zuba bulo, a fitar da shaguna biyu a inda zaure yake, domin kuɗin hayar ya riƙa ɗaukar nauyin marayun da ke cikinmu. Ban ga laifinsu ba, hujjarsu mai ƙarfi ce. Amma duk lokacin da na shiga zauren nan na ɗaga kai, na ga bakan gizon rufin, waɗanda suka taso daga bango huɗu suka haɗu a tsakiya, da ɗan farantin tangaran da aka manna a mahaɗarsu, sai in ji ba zan iya sa hannu a takardar rushewa ba. A nan aka raɗa mini suna, a nan aka yi zaman makokin kakanmu. Ina roƙon masana su gaya mini ko wannan gini yana da wata daraja da ta wuce ƙaunar da nake yi masa, ko kuwa zuciyata ce kawai take ruɗa ni.

Tsohon Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan magabata. Zan fara da ƙasar da gidan yake kai, domin ita ce ta fi ginin tsufa. Gindin Dala shi ne tushen Kano. Masu haƙa ƙasa don binciken tarihi sun samu alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, kuma kundin tarihin sarakunan Kano da labarin Barbushe da mutanen Dala ya buɗe, kafin zuwan Bagauda a 999. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, mutanen da ke kewayen dutsen nan ta zagaye. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka gina sabuwar fada can kudu, aka kafa Kasuwar Kurmi, aka faɗaɗa ganuwa. Tun daga nan birnin ya zama mai fuska biyu, rafin Jakara yana ratsa tsakani: kudu ta sarauta, inda bayan jihadi zuriyoyin Fulani suka zauna a unguwanni irin su Yola da Daneji, arewa kuwa ta fatake da malamai da masu sana'a.

Sunayen unguwannin ma kansu littafi ne ga mai son karantawa. Tudun Nufawa, Ayagi, Zangon Barebari, Agadasawa, kowace tana faɗin inda mutanenta suka fito. Dandalin Turawa kuma ba Turawan Ingila ake nufi ba, domin a Hausar wancan zamani Larabawan arewacin Afirka ake kira Turawa.

Sai dai ina gargaɗinka da abu guda. Kada wani ya ce maka zaurenku ya shekara 500. Ginin ƙasa ba ya zama yadda aka bar shi. Ana yaɓe shi, ana sāke rufinsa, wani lokaci a tayar da bango sabo a kan sawun tsoho. Abin da yake daɗewa shi ne gurbin gidan, da inda ƙofarsa take kallo, da lanƙwasar lungun da ya bi ta gabansa.

Almajirin Soro:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izinin ƙari. Ba a yi wa Madabo adalci ba idan aka ambace ta ba tare da Wangarawa ba, malaman da suka zo daga ƙasar Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Kundin sarakuna ya sa zuwansu a zamanin Sarki Yaji, daga 1349 zuwa 1385, amma akwai wani tsohon rubutun Larabci na zuriyarsu da ya kai zuwan Zaite zamanin Rumfa. Ko wanne aka ɗauka, unguwar ta yi ɗaruruwan shekaru tana karantarwa, kuma a zaure ake karatun. Ba a gina wa ilimin Kano ajujuwa ba, zaurukan gidajen malamai ne makarantunsa. Saboda haka idan ana ƙirga abin da zaure yake yi, a sa wannan a gaba.

Tsohon Malamin Tarihi:
Ka yi gaskiya, Malam, kuma na karɓi ƙarin. Bari in haɗa da shaidar baƙo. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a farkon 1851, kuma a Dala aka sauke shi. Ya hau dutsen ya zana birnin daga sama, ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000, adadin da ya ce yana iya ninkawa a lokacin da ayari suka cika gari. Ya bayyana Dala a matsayin unguwa mafi tsufa, inda fataken Larabawa suke zaune, musamman mutanen Gadamas ta ƙasar Libiya, cikin gidajen ƙasa masu bene. Wannan ciniki na Sahara shi ya ciyar da unguwannin arewa, kuma ya durƙushe cikin ɗan lokaci: Turawan mulki sun ci Kano a 1903, Italiya ta kama Tarabulus a 1911, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano, sai fuskar kasuwanci ta juya kudu, gyaɗa ta maye gurbin abin da raƙuma suke ɗauka.

Ɗan Kasuwar Kurmi:
To, Malam, ashe ke nan ginin da ake kuka a kansa na Larabawa ne, aro muka yi. Idan kakanninmu sun ari bene daga Gadamas ba su ji kunya ba, mene ne abin kunya idan mu muka ari bulo da kwano? Ni a ganina Kano ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Babban Masallacin Juma'a na cikin gari da muke alfahari da shi, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka sāke shi da ginin zamani aka buɗe a 1951, kuma ba mu ji an ce sarkin ya ɓata tarihi ba. Ƙofofin ganuwa da dama an faɗaɗa su domin mota ta wuce. Sannan a yi mini afuwa, haƙƙin maraya ba abin wasa ba ne. Yaron da ake kora daga makaranta saboda kuɗi ba zai ci bakan gizo ba. Ina ganin Jikan Madabo ya bi ra'ayin 'yan'uwansa, ya ɗauki hotunan zauren ya ajiye, a wuce wurin.

Magini Ɗan Gado:
Alhaji, maganarka ta marayu ba mai musunta, amma batun aro ka bar mu mu da muka gaji sana'ar mu yi bayani. Mai yiwuwa ne sha'awar ɗora ɗaki a kan ɗaki ta ƙaru saboda zama da Larabawa, ban musa ba. Bakan gizo kuwa da ɗaurin guga, wato rufin da bakan gizo suke haɗuwa a tsakiyarsa, aikin maginan ƙasar Hausa ne, kuma wata matsala ce ta haife su. Itacen rufinmu azara ce, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata ƙasa ba ta cika ɗaukar faɗin da ya wuce kimanin mita 2 ba sai ta lanƙwashe. Mai son ɗaki mai faɗi dole ya kafa ginshiƙi a tsakiya, ko kuwa ya nemi dabara. Dabarar ita ce a dasa azara a cikin bango tana leƙowa, a ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, a lulluɓe da ƙasa a bari ta bushe, a sake hawa, daga wannan bango da wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Ba siminti, ba rodi, ba katakon tallafi a ƙasa. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda har yau masana gini suke zuwa kallo.

Mahaifina ya fara sa ni aiki ina ɗan shekara tara, kuma aikina na farko jifan tubali ne. Ana kwaɓa jar ƙasa da ruwa da ciyawar ramno, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakawa, sannan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a shanya. Magini yana zaune bisa bango kamar mai hawan doki, kai kana ƙasa kana cilla masa ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana jerawa tsininsu na kallon sama. Bango yana farawa da kauri a gindi yana sirancewa yana hawa. Wannan kaurin ne yake sa ka shiga zaure da azahar a watan Afrilu ka ji kamar an yayyafa ruwa, da hunturu kuma ka ji ɗumi.

Abin da mutane suka manta shi ne magini ba shi kaɗai yake gini ba. Makuba da ake shafe bango da ita daga kwasfar ɗorawa ake samunta. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da rawani da zankwaye don kada ruwa ya shiga, haɗi ne na katsi daga rijiyoyin marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Wato sai marini ya yi rini, majemi ya yi jima, sannan rufin soro zai tsira daga damina. Da karofi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har ya zama na Ƙofar Mata ne kawai kowa ya sani, katsi ya yi wuya, laso ya ɓace, sai mutane suka ce ginin ƙasa ne ba shi da ƙarko.

Injiniya Mazaunin Gwale:
Ina goyon bayan Baba Magini, kuma zan ƙara da abin da nake gani a wurin aiki. Jikan Madabo ya ce katangar daga gindi ta ci. Wannan ba laifin tubali ba ne, laifin ruwan da ya rasa hanya ne. Kowace tsohuwar unguwa a cikin birni tana da kududdufinta, ramin da aka haƙi ƙasar gina gidajen unguwar, wanda daga baya ya zama matattarar ruwan sama kafin ya gangara Jakara. Gida da kududdufi tare aka haife su. Yanzu an cike mafi yawansu da shara an yi gini a kai, lunguna kuma an yi ta zuba musu ƙasa da kankare har sun fi daɓen gidaje tudu, sai ruwa ya kwanta a gindin bango yana jiƙa shi. Waɗanda suka ga daminar 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, sun san yadda gidajen ƙasa suka riƙa zubewa a Kano.

Kuskure na biyu shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa. Mai gida yana ganin ya huta da yaɓe, alhali simintin ba ya kama ƙasa da gaske, kuma yana hana danshi fita. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya zauna a baya yana cin bangon a ɓoye, wata rana sai fuskar simintin ta faɗo gaba ɗaya a ga rami. Ina so in tambayi Jikan Madabo ko an taɓa yi wa katangar gabas ɗin irin wannan shafe.

Jikan Madabo:
An yi, Injiniya. Shekara kusan goma sha biyu ke nan, kuma ni ne ma na biya kuɗin simintin, ina ganin alheri nake yi wa gidan. Indararon da ke wannan gefe kuma ya karye aka maye shi da guntun bututu, ruwan yana sauka dab da bango.

Hajiya ta Bakin Ruwa:
Ina yi wa malamai da magina sallama. Na ga duk maganar ta tsaya a zaure, kuma ban yi mamaki ba, domin zaure wurin maza ne. Ni a irin wannan gida aka haife ni, a irinsa na yi aure, na shekara arba'in da ɗoriya a ciki, saboda haka bari in shigar da ku ciki. Daga zaure sai ƙofar gida, inda ɗakin samari da na baƙi suke, sai shigifa, sannan tsakar gida, da turakar maigida da ɗakunanmu da rijiya da madafa. Ƙofofin nan ba a jere suke ba, da gangan aka karkatar da su, ta yadda wanda yake tsaye a waje ba zai hangi matar da take tsakar gida ba. Mace tana iya daka, tana wanki, tana sana'arta ba mayafi, iska tana shiga, ba idon kowa. Wannan sutura ce da ban same ta ba a gidan bulon da ɗana ya gina mini, inda tagar maƙwabci mai bene take kallon tsakar gidana.

Amma kada a yi mini ƙawa da wahalar da ban manta ba. Idan hadari ya haɗo da dare, mu ne muke tashi mu jera kwanoni da bokitai a ƙarƙashin inda yake yoyo, mu janye tabarmar yara. Mu ne muke share ƙasar da take zubowa daga rufi a kan jeren kwanonin da muka yi wa ɗaki ado da su. Ranar da bangon ɗakin kishiyata ya zauna, Allah ne ya kiyaye, ta fita alwala ke nan. A da ana jure wannan ne domin kowace shekara kafin ruwa ya sauka maigida zai kira magini, a hau a duba rufi, a toshe tsaga, a yi yaɓe, kuma gida cike yake da samari masu miƙa ƙasa. Yanzu masu ƙarfin gidan sun koma Rijiyar Zaki da Hotoro da Abuja, an bar tsofaffi da zawarawa da 'yan haya. Ɗana, ka tambayi kanka tsakani da Allah, wa zai riƙa hawa rufin nan duk shekara? Idan akwai, a gyara. Idan babu, kada a bar mata da yara a ƙarƙashin abin da ba mai kula da shi.

Shawarata ita ce a raba maganar biyu. Ɗakunan kwana na ciki a sāke su yadda mazauna za su yi barci da kwanciyar rai. Zaure kuwa a bar shi, domin gidan da ba zaure baƙonsa a titi yake tsayawa, ɗaurin aurensa a titi, makokinsa a titi, sai an kafa rumfa an tare wa jama'a hanya.

Ɗan Kasuwar Kurmi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin faɗi abin da ya fi nawa. Ban ƙi a bar zaure ba idan akwai inda kuɗin marayu zai fito. Abin da nake ƙi shi ne mutanen da suka tashi daga cikin gari su riƙa zuwa ranar Juma'a suna sha'awar tsohon gini, su koma gidajensu masu na'urar sanyaya ɗaki, su bar mazauna da ɗawainiya.

Baƙo daga Damagaram:
Gaisuwa ga mutanen Kano. Mu ma muna da irin wannan muhawara a unguwar Birni ta Zinder, wadda take kewaye da fadar Sarkin Damagaram, inda har yanzu ake ganin fuskokin gidaje masu zane da zankwaye, wasu a gyare wasu suna zubewa. Abin da nake so in ambata shi ne Agadas, tunda kuna da Agadasawa a cikinku. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ba hasumiyar masallacin kaɗai aka duba ba, mai tsawon mita 27, har da unguwannin da mutane suke zaune a cikinsu da tsarin lungunansu. Hasumiyar kanta ba don ƙarfin ƙasa ta kai yau ba. Itatuwan da suke leƙowa daga jikinta matakala ce ta masu hawa su yi mata yaɓe. Na ji an ce ganuwar Kano tana jerin jiran shiga wannan rajista.

Tsohon Malamin Tarihi:
Haka ne, tun 2007 ganuwar da wuraren da suke tare da ita suke cikin jerin share fage. Abin da yake damuna shi ne idanunmu sun tsaya a kan manyan gine-gine, Gidan Rumfa da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, waɗanda suke da masu kula da su, alhali birnin da Barth ya hango daga kan Dala gidajen talakawa da fatake da malamai ne. Waɗannan ba wata hukuma da za ta zo ta cece su. A zaman rabon gado ake yanke musu hukunci, gida ɗaya bayan ɗaya. Ga Alhaji na Kurmi kuma, gaskiya ne Kano ta sha canzawa, amma a duk canjin da ta yi a baya, ko da mai bene ko da mai bukka, ba ta taɓa yar da zaure ba sai a zamaninmu.

Jikan Madabo:
Na gode wa kowa, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na karanta wa babban wanmu abin da Hajiya da Injiniya suka rubuta. Bai ce ya yarda ba, amma ya ce ɗakin samarin da ke jikin lungu ta kudu yana iya zama shago idan aka fasa masa ƙofa ta waje, kuma ya amince a dakata da maganar zauren har wani masani ya duba shi. Ni kuma na ɗauki alkawari a gaban magada cewa kuɗin yaɓen kowace shekara a wuyana yake muddin ina raye. Baba Magini, ko za ka daure ka zo ka gani da idonka?

Magini Ɗan Gado:
Zan zo, in sha Allahu, amma ka bari iskar hunturu ta fara kaɗawa bangon ya sha iska, domin ba a hukunta ginin ƙasa yana jiƙe. Kafin nan ka sa a ɓamɓare simintin gefen gabas a hankali da hannu, kada a sa masa babbar guduma, a tokare bangon da itace biyu ta waje, a kuma haƙa 'yar kwata ta janye ruwa daga gindinsa. Ka nemi indararo mai tsawo ka mayar a gurbin bututun nan. Idan na zo, kan azarorin da suke cikin bango zan fara tonawa in duba; in sun yi baƙi suna marmashewa sai mun sauke rufin, in kuwa suna nan da ƙarfinsu, aikin bai wuce na mako uku ba. Ka kuma ja kunnen yaran gidan kada wanda ya taɓa farantin nan na tsakiya, kuma ka samo mini samari biyu daga cikin jikokin gidan waɗanda za su tsaya tare da ni su riƙa miƙo ƙasa.